Juya Magana: Inda Ya Halatta Da Inda Ya Haramta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ba ɗan Adam harshe, Ya kuma ɗora masa amanar abin da harshen zai furta. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a wannan mako mun jingine darasin da muka faro a kan ladubban ciniki, domin mu amsa wata wasiƙa da ta iso mana daga wani ɗan'uwa mai sana'ar shinkafa a Tudun Wada. Ya ce ya yi lodin buhu 40 zuwa kasuwar Dawanau a Kano, ya haɗa da yaronsa, ya ce masa: "Ka faɗa wa dillalina in farashi ya kai yadda muka yi da shi, ya sayar, in bai kai ba, ya ajiye mini sai na zo." Da yaro ya isa sai ya ce wa dillali: "Alhaji ya ce a sayar." Dillali ya sayar a farashin ranar, aka faɗi. Da aka tsare yaro sai ya rantse cewa shi bai yi ƙarya ba, ai kalmar "sayar" daga bakin Alhaji ta fito, shi juya maganar kurum ya yi don ta gajarta. Mai wasiƙa yana tambaya: shin wannan ƙarya ce ko ba ƙarya ba ce, kuma wa zai ɗauki asarar?

Tambayar ta fi ƙarfin buhu 40. Ta shafi malami a kan buzunsa, da akawu a kan teburinsa, da tafinta a gaban alƙali, da duk wanda aka taɓa ce wa "je ka ka ce da wane". Saboda haka za mu fara da ita kalmar kanta.

Ma'anar Kalmar

Asalin "juya" a Hausa shi ne mai da abu daga wata fuska zuwa wata. Mace tana juya waina a tanda, direba yana juya mota, ɗan kasuwa yana juya kuɗi. Kamar yadda fi'ilin Larabci yake shiga babi-babi ma'anarsa tana sauyawa, haka wannan fi'ili yake: an juya, an juye, an juyo, an juyar, abu ya juyu ko ya ƙi juyuwa.

Idan aka kawo kalmar kan magana kuwa, sai mu ga Bahaushe yana nufin ɗayan abu uku da ita.

Na farko, ɗauko magana kamar yadda take a zuba ta a wani wuri. Almajiran da, kafin a sami injin ɗab'i, sukan ari littafi wajen malami su juya shi da tawada da alƙalami, harafi bayan harafi. Wannan kamar juye hatsi ne daga buhu zuwa buhu, ba a rage ƙwaya ba a ƙara. Larabawa suna kiransa nasakhi ko naƙali.

Na biyu, faɗin ma'anar magana da waɗansu kalmomi daban, ko dai a cikin harshe guda ko daga wani harshe zuwa wani, kamar a ce an juya huɗuba zuwa Hausa. A nan riga aka sake, amma mutumin yana nan. Larabawa suna da kalmomi biyu a nan: tarjama, wato mai da magana wani harshe, da fassara, wato buɗe abin da ya rufu na ma'ana. Mu Hausawa mun ari ta biyun muka ɗora mata aikin ta farkon, shi ya sa muke cewa "fassara" muna nufin duka biyun.

Na uku, karkatar da magana daga inda mai ita ya nufa. Shi ne inda ake cewa "kada ka juya mini magana". Alƙur'ani ya yi amfani da fi'ili biyu a kan wannan: baddala, wato musanya wani abu da wani, da harrafa, wanda tushensa harfu ne, ma'ana gefe ko gaɓa, watau mai yin tahrifi ya ture magana ne daga tsakiyar hanyarta zuwa gefe.

To, wahalar ita ce kalma ɗaya ce ta ɗauki ukun nan. Mai yin na uku kullum cewa yake yi na biyu ya yi. Ina iyakar da ta raba su? Babu waɗanda suka auna wannan iyaka da ma'auni mai kyau kamar malaman Hadisi.

Abin Da Malaman Hadisi Suka Ce

Tun zamanin Tabi'ai aka yi saɓani a kan abin da ake kira riwaya da ma'ana: shin ya halatta wanda ya ji hadisi ya isar da shi da kalmomin kansa? Muhammadu ɗan Sirina, wanda ya rasu a Basra a shekara ta 110 bayan Hijira, yana cikin masu tsanantawa, ba ya son a sauya ko harafi. Hasanul Basari, wanda garinsu ɗaya kuma shekarar rasuwarsu ɗaya, shi da Sha'abi da Ibrahim Annakha'i sun yi rangwame muddin an dace da ma'ana. Limaminmu Malik, wanda ya rasu a 179, an ruwaito cewa yana ƙin a yi haka a cikin maganar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, amma yana sassautawa a maganar waninsa. Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da ake karantawa a zaurukanmu, wanda ya rasu a 544, ya karkata ga a toshe ƙofar, don tsoron kada wanda bai ƙware ba ya shiga yana zaton ya ƙware.

Masu tsanantawa suna kafa hujja da hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, inda Annabi ya yi addu'ar hasken fuska ga wanda ya ji magana daga gare shi ya kiyaye ta ya isar da ita yadda ya ji, ya kuma bayyana dalili, cewa sau da yawa wanda aka kai wa ya fi wanda ya kawo fahimta. A lura da wannan dalili da kyau. Ɗan aike yana yanke abin da yake gani ba shi da amfani, alhali wanda aka aike shi wurinsa da ya ji wannan yankin da ya gane abin da shi bai gane ba.

Masu rangwame kuwa, kuma su ne mafi yawa, babbar hujjarsu ita ce an haɗu a kan halaccin bayyana wa wanda ba Balarabe ba addini da harshensa. In ya halatta a musanya Larabci da Farisanci ko Hausa, musanya kalmar Larabci da 'yar'uwarta ya fi cancantar halatta. Bukhari ya kawo cewa Abu Jamrata yana yi wa Ibnu Abbas tafinta tsakaninsa da mutane, kuma Annabi da kansa ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu.

Sai dai rangwamen nan ba sakaka aka bar shi ba. Khaɗibul Bagadadi a cikin Alkifaya, da Ibnus Salahi, wanda ya rasu a 643, a cikin Muƙaddimarsa, sun tattara sharuɗɗan, ga su a taƙaice:

1. Mai juyawa ya zama masanin harshen, ya san abin da kalma take nufi da abin da yake sauya ma'ana in an taɓa shi. Wanda bai san wannan ba, babu saɓani cewa bai halatta gare shi ba.

2. Kada ya jefar da wani yanki wanda sauran maganar ta rataya a kansa, kamar sharaɗi, ko togiya, ko iyakar lokaci.

3. Kada lafazin ya zama irin wanda ake bauta da shi kansa.

4. Kada maganar ta zama rubutacciya a littafin wani. Abin da yake a rubuce sai a ɗauko shi yadda yake.

5. Ya sanar da mai sauraro cewa ma'ana ce ya kawo. An ruwaito cewa Anas ɗan Malik da Abdullahi ɗan Mas'udu, in sun gama hadisi, sukan ƙara da cewa "ko kamar yadda ya faɗa".

A kan sharaɗi na uku akwai ƙissar Barra'u ɗan Azibu a cikin Bukhari. Annabi ya koya masa addu'ar kwanciya barci, da ya zo maimaitawa sai ya sa kalmar "Manzo" a gurbin kalmar "Annabi", nan take aka gyara masa. Duka biyun gaskiya ne a haƙƙin Shugabanmu, amma ba a bar shi ya musanya ba. Haka hukuncin kiran salla yake, da kabbarar harama, balle Alƙur'ani.

Gadon Malamanmu

Wannan ne ya sa tsarin tafsirin azumi a ƙasarmu ya zama yadda yake. Duk wanda ya zauna tafsiri a masallatan Bebeji ko Kiru ya san ba malami kaɗai ke zama ba. Mai jan baƙi yana gefe yana karanta aya da lafazinta, sa'an nan malami ya juya ta zuwa Hausa, galibi da Jalalaini a gabansa. Wannan tsari hikima ce: lafazin Allah a baki ɗaya, bayanin mutum a wani bakin, don kada mai sauraro ya cakuɗa su.

Magabatanmu sun yi wannan aiki da tsoron Allah. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya karantar da tafsiri a Kano a zamanin jihadi, daga baya ya wallafa Liya'ut Ta'awili. Nana Asma'u 'yar Shehu ta juya waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, daga Fulatanci zuwa Hausa don talakawa su ji. A zamaninmu kuma, da Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ya fitar da aikinsa a 1979, bai kira shi Alƙur'ani da Hausa ba, sai ya kira shi tarjamar ma'anonin Alƙur'ani. Kalmar "ma'anoni" a nan ita ce "ko kamar yadda ya faɗa" ta mai fassara. Shaihu Nasiru Kabara shi ma ya yi tasa fassarar. Wanda ya ajiye su biyun gefe da gefe zai ga kalmomi sun bambanta a wurare da yawa, wannan kuwa ba aibi ba ne. Shi ne shaidar cewa fassara ƙoƙarin mutum ce, ba saukakke ba ce.

Juyin Da Allah Ya Zarga

A Suratul Baƙara, aya ta 58 da ta 59, an ba da labarin Banu Isra'ila da aka umarce su su shiga wani gari suna faɗin kalmar hiɗɗa, wato roƙon a kayar musu da zunubi. Azzalumai daga cikinsu suka musanya ta. Masu tafsiri sun ambata cewa hinɗa suka ce, wato alkama. Harafi ɗaya aka ƙara, istigfari ya koma cefane, azaba ta sauka. A Suratun Nisa'i aya ta 46, da Ma'ida aya ta 13, an zargi masu kawar da kalmomi daga wurarensu. Kada mu karanta waɗannan ayoyi kamar labarin waɗansu ne kawai. Ga aya ta 181 ta Baƙara tana magana da mu kai tsaye a kan wasiyya: wanda ya sauya ta bayan ya ji ta, zunubin yana kansa. Sau nawa mamaci yakan ce "a ba wane gonar fadama ya ci amfaninta har yarana su girma", bayan an share makoki sai a ji maganar ta koma "ya ba wane gonar fadama"?

Shekarun baya an kawo mana wata matsala daga wani ƙauye a ƙasar Doguwa, can wajen dajin Falgore. Miji da mata suka sami saɓani, ya aiki ƙanensa ya ce: "Ka ce mata ta je gidansu sai na neme ta." Ƙane ya je ya ce: "Yaya ya ce ya sallame ki." Iyayenta suka ɗauka saki ne, ta yi idda, har wani ya fito neman aure, sa'an nan miji ya aiko biko. A mazhabarmu, cewa mace ta tafi gidansu kinaya ce ɓoyayya, ana komawa ga niyyar miji. Ka'abu ɗan Malik ya faɗa wa matarsa irin wannan a lokacin da aka ƙaurace masa bayan yaƙin Tabuka, bai kuwa zama saki ba domin bai nufe shi ba. Da ba don Allah Ya sa an bincika ba, da an ɗaura aure a kan aure. Ƙanen nan bai nufi sharri ba. Ya faɗi abin da ya fahimta ne ya jingina shi ga bakin wansa. Wannan shi ne ainihin cutar: mutum ya ɗauki fahimtarsa ya sa mata "ya ce".

Ga Ma'aikata Da 'Yan Kasuwa

'Yan'uwanmu ma'aikatan gwamnati su sani rabin aikinsu juya magana ne. Takarda tana fitowa daga Kano da Turanci, ta sauka a sakatariyar ƙaramar hukuma, jami'i ya juya ta ga hakimi, hakimi ga dagaci, dagaci ga mai unguwa, mai unguwa ga mai shela. Kafin ta isa kunnen manomi a bakin madatsar Tiga ta bi ta baki biyar. In takarda ta ce za a ba da taki bashi, a biya bayan girbi, jami'i ya ce "gwamnati ta kawo muku taki" don a yi masa tafi, to ya jefar da sharaɗi, kuma rigimar da za ta tashi da kaka tana wuyansa. Haka magatakardan taro da yake rubuta "an amince" a inda aka ce "za a duba".

Tafintan kotu nasa ya fi nauyi. A wannan yanki namu akwai Fulani makiyaya da waɗansu ƙabilu da Hausarsu ba ta nuna ba, ga kuma takardun da ake rubutawa da Turanci. Malaman Malikiyya sun ɗauki tafinta a matsayin mai ba da labari, shi ya sa suka ce guda ɗaya ya isa in amintacce ne, biyu sun fi. Imamu Shafi'i kuwa ya ɗauke shi a matsayin shaida, ya ce sai biyu. Ko wanne aka bi, sharaɗin adalci yana nan. Aro daban, haya daban, jingina daban, sayarwa daban. Tafintan da ya mai da jingina sayarwa ya raba zuriya da gonarta da kalma ɗaya.

'Yan kasuwa kuma su dubi aya ta 282 ta Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo. Ta yi umarni a rubuta bashi, marubuci ya rubuta da adalci, kuma wanda ake bi shi ne zai yi shifta. Hikimar ita ce kalmomin su fito daga bakin wanda nauyin yake kansa, kada wani ya juya masa. Yau da kusan kowane mai lodi a Kwanar Dangora yake da waya a aljihu, uzurin aike na baka ya ragu. A rubuta saƙo, ko a ɗauki murya a tura. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Sai dai ita wayar ta zo da nata bala'in. Ana yanko rabin minti daga karatun awa biyu, inda malami yake kawo maganar da zai rushe, a watsa a ce ga abin da ya faɗa. Muryarsa ce, lafazinsa ne, amma tahrifi ne tsantsa, domin an kawar da kalmomi daga wurarensu. Wanda ya tura ba tare da bincike ba ya tuna aya ta 6 ta Suratul Hujurati.

Wuri ɗaya Shari'a ta buɗe ƙofa, shi ne sulhu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ummu Kulsum 'yar Uƙubatu cewa mai gyara tsakanin mutane, yana isar da alheri, ba a kiransa maƙaryaci. Dattijon da ya je biko ya ɓoye zagin da ya ji ya isar da nadamar da ya gani, lada yake samu. Amma wannan a tausasa zukata ne, ba a tauye wa wani haƙƙinsa na kuɗi ko gona ko aure ba.

Amsa

To, ya ɗan'uwa mai wasiƙa, yaronka ya saɓa wa sharaɗi na biyu. Maganarka tana da ƙafa biyu, ya sare ɗaya. Rantsuwarsa cewa kalmar daga bakinka ta fito ba ta wanke shi, domin ya jingina maka umarnin da ba ka bayar ba. In da gangan ya yi, ƙarya ce da ha'inci. In da rashin sani ne, sakaci ne da amana, zunubinsa ya fi sauƙi amma haƙƙi bai faɗi ba.

Game da asara, ƙa'idar mazhabarmu ita ce in an sayar da kayan mutum saɓanin abin da ya gindaya, yana da zaɓi ya zartar da cinikin ko ya warware shi muddin kayan suna nan. In sun riga sun tafi, sai a koma kan wanda ya ƙetare iyaka. Dillalin da ya yi aiki da abin da aka kawo masa ba shi ne farkon abin tuhuma ba, ko da yake tun da kun riga kun yi magana da shi a kan farashi, ya kamata ya tuntuɓe ka kafin ya saki kaya. Yanke wa kowa rabonsa aikin alƙali ne bayan ya ji ta bakin kowa, ba aikin wannan fili ba. Shawararmu ku zauna gaban dattawan kasuwa a yi sulhu, kai ma ka ɗauki naka kason, domin ka ɗora wa yaro saƙo mai sharaɗi ba ka sa ya maimaita maka ba.

Ga sauran masu karatu, abu uku muke roƙo. In an aike ka, ka maimaita saƙon a gaban mai aiken kafin ka tashi. In ka isa, ka raba tsakanin "ya ce" da "abin da na fahimta". In ka manta lafazi, ka faɗi cewa ka manta, ka ce "ko kamar yadda ya faɗa". Sahabban da suka zauna gwiwa da gwiwa da Annabi ba su ji kunyar faɗin haka ba.

Allah Ya tsare harsunanmu, Ya sa mu cikin masu isar da amana ga masu ita, amin. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan ladubban ciniki, inda za mu duba hukuncin la'adar dillali. Wassalamu alaikum wa rahamatullahi.